Yadda tauri da laushin cibiyar ƙwayar halitta ke shafar tsufa, ciwon zuciya da yaɗuwar sankara

Sam Berns yana sakandare a garin Foxborough da ke jihar Massachusetts ta Amurka lokacin da ya ƙwallafa rai a kan shiga ƙungiyar 'yan badujala ta makarantarsu. Burinsa shi ne ya riƙa buga ƙaramar ganga a lokacin fareti.

Sai dai gangar da abin rataya ta sun kai kilo 18, shi kuwa duk nauyinsa bai wuce kilo 23 ba. Sai da iyayensa suka haɗa kai da wani injiniya, aka ƙera masa wadda ba ta kai kilo 3 ba, sannan ya samu shiga sahu.

Sam na fama ne da cutar da likitoci ke kira furojeriya, wadda ke sa yaro ya nuna alamun tsufa tun yana ƙarami. An haife shi a 1996, kuma an gano cutar kafin ya cika shekara 2. Gashinsa ya zube, girmansa ya tsaya, gaɓoɓinsa suka ƙage, jijiyoyin jininsa suka yi tauri irin na dattijo. Ya rasu ranar 10 ga watan Janairun 2014 yana da shekara 17.

Abin da ya haddasa wannan duka shi ne sauyin harafi ɗaya tak cikin haruffa kusan biliyan 3 da ke rubuce a DNA na ɗan'adam. Sauyin ya lalata wani furotin da aikinsa shi ne tallafe bangon cibiyar ƙwayar halitta, kamar yadda azara ke tallafe rufin soro.

Labarin yara irin su Sam na cikin abubuwan da suka tilasta wa masana sake duba cibiyar. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin rumbun ajiye bayanan gado kawai. Yanzu an fahimci cewa abu ce mai jiki, wadda ake dannawa, ake ja, ake matsewa a kowane lokaci, kuma lafiyar mutum ta dogara ga yadda take jure hakan.

Mece ce cibiyar ƙwayar halitta?

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Idan aka cire jajayen ƙwayoyin jini da 'yan wasu kaɗan, kowace ƙwaya na ɗauke da wani ƙullutu a cikinta, kamar yadda dabino ke ɗauke da ƙwallo. Wannan ƙullutu shi ne cibiya, wadda a kimiyyance ake kira nukiliyas.

Wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan mai suna Robert Brown ne ya laƙaba mata sunan a 1831, daga kalmar Latin mai ma'anar ƙwallon cikin 'ya'yan itace.

Faɗin cibiya bai cika wuce maikiromita 10 ba. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kuma kaurin silin gashin kai yakan kai maikiromita 70. Ke nan za a iya jera cibiya kusan 7 a faɗin silin gashi guda.

Duk da ƙanƙantarta, ita ce mafi girma cikin kayan da ke cikin ƙwayar halitta. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa ta fi sauran jikin ƙwayar tauri, daga ninki 2 zuwa ninki 10, gwargwadon irin ƙwayar da yadda aka auna.

Abubuwa biyu ne ke ba ta wannan tauri, kuma timtim ɗin fata irin na dukawa zai taimaka wajen gane su. Timtim yana da ciko na audugar rimi ko tsumma, yana kuma da fatar da aka ɗinke ta kewaye cikon. Cikon cibiya shi ake kira kuromatin, marufinta kuwa tantani ne mai ruɓi biyu da wata raga a ƙarƙashinsa.

Zaren mita 2 a cikin ɗigo

Da za a warware DNA da ke cikin cibiya ɗaya a miƙe shi, tsawonsa zai kai kimanin mita 2. Domin ya samu shiga wurin da ido ba ya iya gani, ana naɗe shi ne a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro.

Kowane kwarkwaro ya ƙunshi histon 8, kuma haruffan DNA kusan 147 ne ke kewaye shi. Irin waɗannan kwarkwaro miliyoyi ne, a jere kamar tasbaha. Haɗin DNA da histon ɗin shi ne kuromatin, sunan da wani masani Bajamushe, Walther Flemming, ya ba shi a wajen 1879 saboda yadda yake shan rini idan aka zuba masa launi.

Kuromatin iri biyu ne. Akwai sakakke, inda ƙwayoyin gadon da ake amfani da su suke a buɗe domin a karanta. Akwai kuma dunƙulalle, inda aka tattare ƙwayoyin gadon da ƙwayar ba ta buƙata aka kulle. Wani Bajamushen, Emil Heitz, shi ya bayyana wannan bambanci a 1928.

Abin da ke sa wani sashe ya dunƙule ko ya sake shi ne wasu ƙananan alamomi na sinadari da ake liƙa wa histon ko a cire. A yawancin ƙwayoyin halitta, dunƙulallen kan taru ne a gefe, manne da bangon cibiya.

Shekaru da dama masana sun ɗauki dunƙulewar a matsayin hanyar buɗe bayani da rufe shi kawai. Daga baya ne aka lura cewa cikon da aka danƙare ya fi wanda aka saka sako-sako tauri, ko a timtim ko a cibiya.

Bango da raga

Marufin cibiya kuwa yana da sassa uku. Na farko shi ne tantani mai ruɓi biyu, na waje da na ciki, wanda aka yi da maiƙo. Shi ne ke raba DNA da sauran ruwan ƙwayar, inda akwai sinadaran da za su iya daddatsa shi.

Na biyu ƙofofi ne, dubbai a kowace cibiya, waɗanda ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita.

Na uku shi ne ragar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tantanin ciki, wadda aka saƙa da zarurrukan furotin mai suna lamin. Kaurin kowane zare bai wuce nanomita 4 ba, wato kashi 4 cikin miliyan na milimita. Tantanin shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, ragar ce ke riƙe da shi.

Lamin ma iri biyu ne. Nau'in B yana cikin kusan kowace ƙwaya mai cibiya tun mutum na ɗan tayi. Nau'in A, wanda ya ƙunshi lamin A da lamin C, yana fitowa ne daga ƙwayar gado ɗaya mai suna LMNA, kuma yawansa ya bambanta sosai daga wannan sashen jiki zuwa wancan.

Cibiyar ba a sake take yawo cikin ƙwayar ba. Akwai wasu furotin da suka ratsa tantanin biyu, suka ɗaure ragar ciki da zarurrukan da ke riƙe da jikin ƙwayar daga waje. A 1997, masana a ɗakin binciken Donald Ingber da ke Boston sun ja fatar ƙwayar halitta da siririn tsinken gilashi, sai suka ga cibiyar da ke can ciki ta miƙe ta bi inda aka ja.

Ma'ana, duk lokacin da tsoka ta motsa, ko zuciya ta buga, ko fata ta miƙe, ƙarfin yana isa har bakin DNA.

Wa ke riƙe da cibiya, ciko ko raga?

An daɗe ana jingina ƙarfin cibiya ga lamin. A 2004, Jan Lammerding da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙwayoyin ɓeran da ba su da lamin A da C suna da cibiya mai rauni, wadda ke saurin lanƙwashewa idan aka ja ta, kuma ƙwayoyin sun fi saurin mutuwa.

Amma tambaya ta rage: mene ne rabon cikon a wannan aiki?

A 2017, Andrew Stephens da John Marko tare da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern da ke jihar Illinois sun wallafa wani gwaji da ya raba gardama. Sun zaro cibiya ɗaya daga ƙwaya mai rai, suka kama ta da bututun gilashi biyu sirara, suka riƙa jan ta a hankali suna auna turjiyarta.

Sun gano cewa turjiyar hawa biyu ce. Idan jan bai wuce maikiromita 3 ba, wato kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon cibiyar, kuromatin ne ke turjewa. Da suka daddatsa kuromatin da sinadari, ko suka sa shi ya sake, sai cibiyar ta yi laushi a wannan mataki. Da suka ƙara dunƙule shi, sai ta ƙara tauri.

Idan kuwa jan ya zarce haka, sai ragar lamin A ta karɓi aikin, kuma tana ƙara tauri ne gwargwadon yadda ake ƙara jan ta. Haka timtim yake: idan aka ɗan danna shi da yatsa, cikon ne ke turo yatsan, idan kuwa ƙato ya zauna a kai, fatar ce ke hana shi fashewa.

A shekarar dai, wasu masana a Japan, ciki har da Yuta Shimamoto da Kazuhiro Maeshima, sun samu sakamako makamancin wannan game da rawar da kuromatin ke takawa.

Shekara guda bayan haka, Stephens da abokansa suka nuna cewa sassauta kuromatin kaɗai ya isa ya sa cibiya ta fitar da ƙululu a gefenta, ko da ragar lamin ɗinta lafiya lau take. Irin wannan ƙululu wuri ne mai rauni, kuma ta nan cibiya kan fashe.

Ƙashi daban, ƙwaƙwalwa daban

Sassan jiki ba wahala ɗaya suke sha ba. Ƙwaƙwalwa a killace take cikin ƙoƙon kai, zuciya kuwa tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, ƙashi kuma shi ke ɗauke da nauyin jiki.

A 2013, ɗakin binciken Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania ya auna furotin a sassan jiki daban-daban. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Science ya nuna cewa yawan lamin A na tafiya ne tare da taurin nama. Kaɗan ne a ƙwaƙwalwa da ɓargo da kitse, yana da yawa a tsoka da zuciya da guringuntsi da ƙashi. Tazarar ta kai kusan ninki 30, yayin da lamin nau'in B bai sauya sosai ba.

Sun kuma lura cewa ƙwayar da ba ta riga ta zaɓi abin da za ta zama ba tana la'akari da inda aka ajiye ta. A wuri mai laushi takan rage lamin A ta karkata ga zama kitse, a wuri mai tauri kuma takan ƙara shi ta karkata ga zama ƙashi.

Wannan ya taimaka wajen warware wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Ƙwayar gadon LMNA tana cikin dukan jiki, amma idan ta samu matsala, tsoka da zuciya ne suka fi shan wuya.

A 1999, Gisèle Bonne da abokan aikinta a Faransa sun gano cewa sauyi a LMNA na haddasa wani nau'in ciwon shanyewar tsoka mai suna Emery-Dreifuss. Daga nan aka ci gaba da gano wasu, har cututtukan da ake dangantawa da wannan ƙwayar gado suka haura 10. Cikinsu akwai kumburin zuciya na gado, wanda ke rikita bugunta, kuma yakan kai ga mutuwar fuju'a.

A 2020, ɗakin binciken Lammerding na Jami'ar Cornell ya nuna cewa a tsokar ɓeraye masu irin wannan matsala, cibiyoyi na fashewa, DNA na lalacewa, daga nan ƙwayoyin tsokar su mutu.

Masu ratsa matsatsi

Tauri ba kullum yake zama alheri ba. Akwai ƙwayoyin da aikinsu tafiya ce, kuma hanyoyin cikin jiki matsattsu ne.

Jikin ƙwaya yana iya kwarara ta ƙaramin huji kamar kunu, amma cibiya takan maƙale. A 2013, Katarina Wolf da Peter Friedl a ƙasar Holan sun auna iyakar: ƙwaya kan tsaya cik idan filin bakin hujin bai kai kusan kashi 10 cikin 100 na filin da cibiyarta ke cikewa ba, sai fa in tana da sinadarin da za ta faɗaɗa hanyar da shi.

Jajayen ƙwayoyin jinin mutum sun warware matsalar ta hanyar jefar da cibiyar gaba ɗaya tun suna cikin ɓargo. Shi ya sa ƙwaya mai faɗin maikiromita 7 zuwa 8 ke iya lanƙwashewa ta ratsa tsagar saifa da ba ta wuce maikiromita 1 zuwa 2 ba. Jajayen ƙwayoyin jinin kaza da na ƙadangare kuwa suna nan da cibiyarsu.

Masu fama da ciwon sikila sun san abin da ke biyo baya idan wannan laushi ya gushe. A wurinsu matsalar ba ta cibiya ba ce, sinadarin da ke ɗaukar iska ne ke sandarewa, amma darasin ɗaya ne: ƙwayar da ta yi tauri takan toshe ƙananan hanyoyin jini.

Fararen ƙwayoyin jini ba za su iya jefar da tasu cibiyar ba. Mafi yawansu, waɗanda ake kira nutrofil, su ne ke fara isa wurin da ƙwayar cuta ta shiga, kuma sai sun kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon jijiya kafin su isa.

Dabarar nutrofil ita ce rage lamin A sosai, sannan ta raba cibiyarta gida 2 zuwa 5 da siraran zare a tsakani, kamar ƙullin gyaɗa. A 2013, Amy Rowat da abokan aikinta sun tilasta wa ƙwayoyi masu kama da nutrofil su riƙa yin lamin A da yawa, sai suka riƙa maƙalewa a ƙananan hanyoyin da aka ƙera domin gwajin.

Ma'aikatan ɗakin gwajin jini a asibitoci na duba wannan siffa kullum a ƙarƙashin madubin likita. Idan gidajen cibiyar nutrofil suka haura 5, alama ce da kan nuna ƙarancin bitamin B12 ko folik asid. Idan kuwa aka ga da yawa ba su rabu ba, suna nan kamar lanƙwasasshen sanda, yakan nuna jiki na yaƙi da cuta mai tsanani, har ɓargo na turo waɗanda ba su gama nuna ba.

Cibiya da sankara

Tun kafin a san komai game da lamin, likitoci na gane sankara ta hanyar kallon cibiya. George Papanicolaou, likita ɗan asalin Girka da ke aiki a New York, ya sanar a 1928 cewa ana iya gano sankarar mahaifa daga ƙwayoyin da aka lakato daga jikin mace. Littafin da ya wallafa tare da Herbert Traut a 1943 ya sa gwajin ya bazu a duniya, kuma har yau da sunansa ake kiransa, gwajin Pap.

Abin da mai gwajin ke nema shi ne cibiyar da ta kumbura fiye da kima, ko gefenta ya yi gargada, ko kuromatin ɗinta ya yi gudaji-gudaji ya sha rini da yawa. Wato dai ciko da marufi ne suke sauyawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a 2022, kuma kusan 350,000 suka rasu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar HPV da ke haddasa ta a watan Oktoban 2023. Ga matan da suka wuce waɗannan shekaru, gwaji ne ke kama sauyin tun bai zama sankara ba.

Abin da ya fi kashe masu sankara shi ne yaɗuwarta zuwa wasu sassan jiki, kuma kafin ta yaɗu dole ƙwayarta ta ratsa matsatsi. A 2016, mujallar Science ta wallafa bincike biyu a lokaci guda, ɗaya daga ɗakin Lammerding, ɗaya daga na Matthieu Piel da ke Paris. Dukansu sun ɗauki hoton ƙwayoyi suna kutsawa ta ƙananan hanyoyi.

Sun ga tantanin cibiya yana yagewa, kayan ciki da na waje suna cakuɗewa, DNA yana tsinkewa. Sun kuma ga wata tawagar furotin mai suna ESCRT-III tana garzayowa ta ɗinke yagewar, yawancin ƙwayoyin kuma su ci gaba da tafiya. Sai da aka hana ɗinkin tare da hana gyaran DNA ne ƙwayoyin suka riƙa mutuwa da yawa.

Hatsarin shi ne duk tsinkewar da aka gyara ba daidai ba tana iya haifar da sabon sauyi a DNA, wanda zai iya ƙara wa sankarar ƙarfi. Ƙwayar sankara na tsaka mai wuya ke nan: idan cibiyarta ta yi tauri ba za ta wuce ba, idan ta yi laushi da yawa tana iya mutuwa a hanya. Masu bincike na nazarin yadda za a yi amfani da wannan rauni wajen yaƙar ta.

Cibiya na sauya taurinta

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa cibiya ba ta tsaya a kan tauri ɗaya ba.

A 2020, ɗakin binciken Sara Wickström, mai rassa a Finlan da Jamus, ya riƙa miƙar da ƙwayoyin fata yana saki. Cikin kusan rabin awa, ƙwayoyin suka sassauta dunƙulallen kuromatin ɗinsu, cibiya ta yi laushi, ta bi jan maimakon ta turje. Da aka hana su yin hakan, sai DNA ya lalace. Bayan wasu sa'o'i kuma, ƙwayoyin suka sake jeri ta yadda jan ba ya isa cibiya sosai, kuromatin ya koma yadda yake.

A shekarar dai, wasu tawagogi biyu a Turai suka nuna cewa ƙwaya na amfani da cibiya a matsayin ma'auni. Tantanin cibiya yana da 'yan naɗe-naɗe, kamar rigar da ba a goge ba. Idan aka matse ƙwayar har naɗin ya warware tantanin ya ɗame, sai wani sinadari ya farka ya umarci ƙwayar ta tattara ƙarfi ta fice daga matsin.

Abin da ya faru a jikin Sam

Iyayen Sam, Leslie Gordon da Scott Berns, dukansu likitoci ne. Lokacin da aka gano cutar ɗansu, babu wanda ya san musabbabinta, duk da cewa likitocin Ingila biyu, Jonathan Hutchinson a 1886 da Hastings Gilford a 1897, sun riga sun bayyana alamominta. A 1999 suka kafa gidauniyar binciken cutar.

A 2003, tawagar Francis Collins a Amurka, wadda mahaifiyar Sam na cikinta, da ta Nicolas Lévy a birnin Marseille na Faransa, suka gano cewa matsalar na cikin LMNA.

Sabon lamin A yakan fito ne da wata jelar maiƙo da ke manna shi a jikin tantani, daga baya a yanke jelar. A furojeriya, sauyin harafin yana sa a tsallake wani yanki mai amino asid 50, kuma a cikin yankin ne wurin yankan yake. Sai jelar ta zauna daram, gurɓataccen furotin ɗin, wanda ake kira furojerin, ya yi ta taruwa a bangon cibiya.

Ragar takan yi kauri, ta yi tauri, ta kasa sake jeri idan an matse ta. A lokaci guda kuma dunƙulallen kuromatin yana raguwa. Marufi ya sandare, ciko ya yi sako-sako, cibiya ta yamutse.

Ƙwayoyin tsokar da ke bangon manyan jijiyoyin jini, waɗanda ke miƙewa da kowane bugun zuciya, su ne suka fi mutuwa. Shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne ke kashe yawancin yaran, a matsakaicin shekara 14 da rabi idan babu magani. Ƙwaƙwalwarsu kuwa lafiya lau take, domin ƙwayoyinta ba sa yin lamin A sosai, lamin C suka fi yi, shi kuwa sauyin bai shafe shi ba.

Cutar na samun kusan jariri ɗaya cikin miliyan 4 zuwa 8, ba ta zaɓar launin fata ko ƙasa. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma kusan kullum sabon sauyi ne da ba a gada daga iyaye ba. Ontlametse Phalatse ta Afirka ta Kudu ta rayu da ita har ta rasu a watan Afrilun 2017 tana da shekara 18. Sammy Basso na Italiya, wanda ya yi karatun ilmin halittu ya kuma shiga binciken cutar da kansa, ya kai shekara 28 kafin rasuwarsa a watan Oktoban 2024.

A 2007 aka fara gwajin wani magani mai suna lonafarnib a asibitin yara na Boston, da yara 28 daga ƙasashe 16, Sam na cikinsu. Asali don sankara aka ƙirƙiri maganin, kuma aikinsa shi ne hana liƙa jelar maiƙon. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Nuwamban 2020, bayan an ga ya ƙara wa yaran da aka fi daɗewa ana bibiya kimanin shekara 2 da rabi. Yana rage cutar ne, ba ya warkar da ita.

A 2021, tawagar David Liu na Jami'ar Harvard tare da ta Collins ta gyara harafin kansa a jikin ɓeraye masu cutar. Waɗanda ba a yi wa gyaran ba sun rayu kimanin kwana 215, waɗanda aka yi wa kuma kimanin kwana 510.

Ta ɓangaren cikon ma an samu abin dubawa. A gwajinsu na 2018, Stephens da abokansa sun ba ƙwayoyin masu furojeriya sinadarin da ke ƙara dunƙule kuromatin, sai yawan yamutsattsun cibiyoyi ya ragu, alhali ba a taɓa ragar ba. A cikin kwanon gwaji aka ga hakan, a kan ƙwayoyin da aka raina a wajen jiki.

Lamarin bai tsaya kan waɗannan yara ƙalilan ba. A 2006, Paola Scaffidi da Tom Misteli sun gano cewa ƙwayoyin masu lafiya ma na yin furojerin ɗan kaɗan, kuma cibiyoyin da aka samo daga mutanen da suka haura shekara 80 na nuna yamutsewa da raguwar dunƙulallen kuromatin irin na yara masu cutar. Da suka toshe hanyar yin gurɓataccen furotin ɗin a ƙwayoyin tsofaffin, sai da dama daga cikin alamomin suka gyaru.